Waiwaye: Rigimar "kalmomin kurtu" a harshen Turanci

Tun da ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29 a watan Janairun 2020, ciki har da Kannywood da okada, sannan suya ta biyo baya a farkon 2025, ake ta ka-ce-na-ce. Wasu na murna, wasu na kukan an fara gurɓata Turanci. Wannan kuka ya kusa shekara 500 ana yin sa.

Labarin 1066 sananne ne: Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster. Abin da ya biyo baya ne ba a cika ambata ba, kuma a ganina nan gizo yake saƙa.

A ƙarni na 16 malaman Ingila suka duƙufa fassara ilimin likitanci da falsafa da addini daga Latin da Girkanci, sai suka tarar harshensu ba shi da sunayen abubuwa da yawa. Wani marubuci, Thomas Elyot, ya zaɓi aron kalmomi daga waɗannan harsuna. A 1531 ya yi amfani da maturity, har sai da ya tsaya yana yi wa mai karatu bayanin ma'anarta, don baƙuwa ce a lokacin. Masu adawa suka laƙaba wa irin waɗannan kalmomi suna inkhorn terms, wato kalmomin kurtun tawada, waɗanda ba a jin su sai a bakin mai alƙalami.

John Cheke, malamin Girkanci a Jami'ar Cambridge, ya rubuta a 1557 cewa a bar Turanci tsantsarsa, babu gauraye. Bai tsaya ga faɗa da baki ba. Da ya fassara Linjilar Matiyu, ya ƙera kalmomi daga saiwar gida: hundreder ga shugaban soja ɗari, mooned ga mai taɓin hankali, gainrising ga tashi daga matattu. Aiki ne na kishi, ina kuma girmama shi. Amma jama'a ba su ɗauka ba, centurion da lunatic da resurrection suka zauna daram. Masu aron ma sun yi asara, domin kalmomi irin eximious sun mutu a kan takarda.

Baƙin kalmomin da suka tsira sun yi yawan da a 1604 wani malamin makaranta, Robert Cawdrey, ya tattara kimanin 2,500 daga cikin masu wuya ya bayyana su da Turancin gida. Wannan ɗan littafi shi ne ƙamus na farko na Turanci zalla.