Ƙaramin jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoton kai

Ƙaramin jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoton kai, wanda ake kuma kira duron ɗin selfi, na'ura ce mai farfela huɗu da kyamara a goshi, da aka ƙera domin mutum ya ɗauki kansa hoto ko bidiyo ba tare da ya roƙi wani ya riƙe masa kyamara ba. Faɗinsa kaɗan ya fi tafin hannu, nauyinsa kuma yawanci tsakanin giram 100 ne zuwa 250. Abin da ya raba shi da manyan jirage marasa matuƙi na masu shirya fim shi ne ba ya buƙatar wanda ya iya tuƙi. Yana tashi daga tafin hannu, ya gane fuskar mai shi, ya bi shi ko ya zagaya shi, sannan ya dawo ya sauka a hannun da ya tashi. Kusan duk siffofinsa, masu daɗi da marasa daɗi, daga abubuwa biyu suka samo asali: rashin nauyi da rashin mai riƙe linzami.

Asali

Kamfanin Parrot na Faransa ne ya fara nuna wa jama'a, a 2010, cewa ana iya tuƙa jirgi mai farfela huɗu da wayar hannu, lokacin da ya fito da AR.Drone. Bayan 'yan shekaru sai tunanin “kyamara mai bin mutum” ya kama masu ƙere-ƙere. Jiragen farko na wannan fanni ba sa ganin mutum da ido. Wata 'yar na'ura mutum yake ɗaurawa a hannu ko ya sa a aljihu, jirgin ya riƙa bin siginarta. Lily Camera, da aka tallata a Amurka a 2015, haka aka tsara shi. Mutane sun biya kuɗin oda har dala miliyan 34 tun kafin a fara ƙera shi da yawa, amma kamfanin ya rufe a Janairun 2017 bai kai kayan hannunsu ba.

Sauyi na gaske ya zo ne da kyamara ta fara gane fuska da jiki da kanta. A 2016 kamfanin Zero Zero Robotics na China ya fitar da Hover Camera Passport, mai naɗewa kamar littafi, farfelunsa a rufe cikin keji. A 2017 kamfanin DJI, da ke birnin Shenzhen na China, ya kawo Spark mai giram 300, wanda ke tashi daga tafin hannu kuma yana karɓar umarni ta motsin hannu. Kamfanin Snap ya gwada sa'arsa a Afrilun 2022 da Pixy mai giram 101, ya daina ƙera shi bayan 'yan watanni, a 2024 kuma aka janye shi daga hannun jama'a saboda batirinsa na iya zafi har ya kama wuta. HoverAir X1 na 2023, mai giram 125, da DJI Neo na Satumbar 2024, mai giram 135, su ne suka tsayar da siffar da ake gani a yau.

Nauyi da keji

Giram 250 iyaka ce da doka ta shata, masu ƙera jiragen kuma suka bi ta sau da ƙafa. A Amurka, wanda ke tashin jirgi don nishaɗi kawai ba sai ya yi masa rajista ba idan nauyinsa bai kai haka ba, kuma dokar Tarayyar Turai ta sa irin waɗannan a rukuni mafi sauƙin sharuɗɗa. Shi ya sa DJI ya tsayar da Mavic Mini na 2019 a kan giram 249 daidai. Jiragen selfi sun ma sauka ƙasa da haka sosai, domin abin da zai riƙa shawagi kusa da fuska dole ya zama wanda ko ya bugi mutum ba zai ji masa ciwo ba.

Kejin da ke kewaye da farfelu shi ne ke ba da damar a kama jirgin da hannu, a tashe shi a cikin ɗaki, ko a bar shi ya wuce kusa da yaro. Sai dai yana da nasa kuɗin fito. Yana ƙara nauyi, yana tare iska, kuma yana tilasta a yi farfelu ƙanana. Ƙaramar farfela sai ta yi juyi da sauri ƙwarai kafin ta tura iskar da za ta ɗaga jirgin, wannan kuwa yana shan batir fiye da babbar farfela mai juyi a hankali. Daga nan ne siririyar ƙarar nan tasa take fitowa, mai kama da ta taron ƙudan zuma, wadda ba ta barin ya wuce ba a waiga ba.

Yadda yake tsayawa a iska

Biyu daga cikin farfelun suna juyawa dama, biyu hagu, ta yadda ƙarfin juyin wannan ke kashe na wancan, jirgin bai kama wulwulawa a wuri guda ba. Idan zai yi gaba, na baya su ƙara gudu, ya sunkuyar da goshi. Idan zai juya, biyu masu juyi iri ɗaya su fi sauran sauri. A cikinsa akwai 'yan na'urori masu jin karkata da girgiza, suna gaya wa ƙwaƙwalwarsa halin da yake ciki sau ɗaruruwa a kowace daƙiƙa, ita kuma tana gyara gudun kowane inji nan take.

Tsayawa cak a wuri ɗaya wani aiki ne daban, kuma nan ne ya kamata mai amfani da shi ya fi fahimta. A ƙarƙashin cikinsa akwai ƙaramar kyamara mai kallon ƙasa, tare da wani ido mai auna nisa da hasken da idon mutum ba ya gani. Kyamarar tana lura da zanen ƙasa, wato tsakuwa, ciyawa, tsagar siminti ko saƙar kafet. Idan ta ga zanen yana zamewa zuwa hagu, ta san iska ta tura jirgin dama, sai ya gyara. Saboda haka duk inda ƙasa ba ta da zane, ko zanen da kansa motsi yake, jirgin kan ruɗe. Ruwa shi ne babban misali: samansa yana ƙyalli, yana kuma tafiya, sai jirgin ya ɗauka shi ne ke motsi ya kama bin igiyar ruwan, wani lokaci ya yi ƙasa-ƙasa har ya tsunduma. Haka lamarin yake a kan dusar ƙanƙara, da tayil mai sheƙi, da kuma wuri mai duhu. Wasu samfuran, kamar HoverAir X1, ba su da GPS kwata-kwata, wannan idon na ƙasa kaɗai suka dogara da shi. Masu GPS sun fi nutsuwa a fili, kuma suna iya komawa inda suka tashi idan sigina ta yanke.

Tashi daga hannu da bin mutum

Ga yadda abin yake a aikace. Mutum zai miƙa hannu, jirgin a kan tafinsa, kyamarar na kallon fuskarsa. Ya danna maɓallin da ke saman jirgin har ya kai ga salon da yake so, wata murya na faɗin sunan kowane salo. Jirgin zai ɗan dakata ya tantance fuskar, farfelu su kama, iska mai sanyi ta daki tafin hannun, sai a ji nauyin ya bar hannu. Idan ya gama aikinsa zai dawo ya tsaya a gaban mutum yana jira. Da an sa hannu a ƙarƙashinsa, idon ƙasa ya ga tafin, sai ya sauko a hankali ya kashe injinansa. Duk wannan babu waya babu rimot.

Salon ɗaukar da aka shirya masa ba su da yawa, kuma kusan iri ɗaya ne a duk kamfanoni. Akwai wanda yake bin mutum a baya, da wanda yake tafiya da baya-baya a gabansa yana kallon fuskarsa. Akwai na zagaye, da na tashi sama tsaye kyamara na kallon ƙasa, da wanda ya fi kowanne farin jini: ya fara daf da fuska, sannan ya ja baya yana yin sama har mutum ya zama ɗan ɗigo a tsakiyar fili ko a kan dutse. Daƙiƙa goma sha biyar na irin wannan kan nuna inda mutum yake fiye da hotuna ashirin na waya.

Bin mutum aikin manhajar gane siffa ce, wadda aka horar da ɗimbin hotunan mutane. Tana zana akwati a kan wanda take bi, tana ƙoƙarin riƙe akwatin a tsakiyar hoto kuma a girma ɗaya: idan ya ƙanƙance, mutum ya yi nisa, sai jirgin ya matso. Tana aiki da kyau ga mai tafiya a ƙasa, mai sassarfa, ko mai keke a hankali. Tana rasa mutum idan ya shige bayan bishiya, ko ya yi kwana kwatsam, a cikin taro kuma takan koma bin wani mai irin tufafinsa.

Wani abu da sabon shiga kan manta shi ne yawancin mafi ƙanƙanta a cikin jiragen nan ba su da idon ganin abin da ke bayansu ko gefensu. Lokacin da jirgin ke ja da baya yana kallon mai shi, bai san akwai reshe ko wayar lantarki a hanyarsa ba. Manyan jirage na da kyamarori kewaye da jiki don kauce wa karo, Skydio R1 na 2018 har guda 13 gare shi, amma kowace kyamara nauyi ce da cin batir. Dole mai jirgin ya duba hanyar da idonsa tun kafin ya danna maɓalli.

Kyamara

Lambobin da ake bugawa a jikin kwali, 4K ko megafiksel 12, ba su ne duka labarin ba. 4K na nufin hoto mai ɗigo 3840 a faɗi da 2160 a tsaye. DJI Neo na farko yana ɗaukar haka da hotuna 30 a daƙiƙa, HoverAir X1 kuma ya tsaya a 2.7K. Abin da ya fi tasiri shi ne girman allon da haske ke sauka a kansa a bayan gilashin kyamara, kuma a irin waɗannan jirage ƙarami ne, bai kai na manyan wayoyin zamani ba. Da rana tsaka hoton kan fito tas. Da magariba ta kawo jiki sai ya fara yin dishi-dishi, duhun ya cika da ɗige-ɗige.

Girgiza kuma ta hanya biyu ake maganinta. Ta farko ita ce gimbal, wato maƙalin kyamara mai 'yan injina da ke karkata ta saɓanin karkatar jirgin. Manyan jirage na da mai motsi ta fuska uku, na selfi kuwa yawanci sama da ƙasa kawai yake yi. Ragowar aikin manhaja ce ke yi: kyamarar na ɗaukar fili fiye da wanda za a nuna, sai a riƙa yanke gefe-gefe ana daidaita tsakiyar. Dabarar tana aiki, amma tana rage faɗin hoto, kuma idan iska ta yi ƙarfi akan ga hoton na ɗan karkarwa.

Sauti ba a ɗaukarsa daga jirgin, domin ƙarar farfela za ta danne komai. Wayar da ke aljihun mutum, ko ƙaramin makirfo da ya maƙala a wuyan riga, ita ke naɗar muryarsa, manhaja ta tace ƙugin ta haɗa da bidiyon. Muryar kan fito, ko da yake wani lokaci kamar daga cikin tulu. Bidiyon kansa a ma'adanar cikin jirgin yake zama, gigabait 22 a Neo, 32 a X1, daga baya a tura shi waya ta Wi-Fi.

Batir da iska

Minti 18 aka rubuta wa Neo, X1 kuma wajen minti 11. A wuri maras iska ake auna wannan, saboda haka abin da ake samu a fili bai kai ba. Ga wanda ke ɗaukar guntayen bidiyo na rabin minti ya wadatar, amma mai son a bi shi tsawon tafiya sai ya riƙe batir biyu ko uku. Batiran na litiyam ne. Sanyi na rage musu ƙarfi, zafin cikin mota a rufe na lalata su, wanda ya kumbura kuma ba a sake sa shi a caji. A jirgin fasinja ana shiga da batiran ajiya a jakar hannu, ba a sa su cikin kayan da ake lodawa a ƙasa.

Iska ita ce babbar abokiyar gabar abu mai giram ɗari da 'yan kai. Neo na jure iskar da ta kai mita 8 a daƙiƙa, kusan wadda ke kaɗa ƙananan rassa ta tayar da ƙura. Fiye da haka sai a ga ya karkace yana fama, batir na zuba, shi kuma yana ja da baya. Iskar saman rufi ta fi ta ƙasa ƙarfi, bakin teku da kan tudu kuma sun fi ko'ina haɗari. Idan da waya ake sarrafa shi, siginar Wi-Fi ba ta wuce 'yan gomman mitoci, sai an haɗa da rimot na musamman take yin nisa.

Doka da haƙƙin mutane

Ƙanƙanta ba ta fitar da shi daga ƙarƙashin dokar sararin sama ba. A Tarayyar Turai, duk mai jirgin da ke ɗauke da kyamara sai ya yi rajista ko da bai kai giram 250 ba, in dai ba abin wasan yara ba ne a hukumance. Japan ta saukar da iyakar rajista zuwa giram 100 a Yunin 2022, wanda ya haɗa da kusan duk jiragen selfi. A Amurka mai tashi don nishaɗi sai ya ci wata gajeriyar jarrabawa ta intanet, kuma tun 2014 aka hana tashin su a gandayen shaƙatawa na ƙasa. Ƙasashe da yawa sun yi tarayya a kan iyakar tsawo ta wajen mita 120, da nisantar filayen jirgin sama da wuraren tsaro, da sharaɗin kada jirgin ya ɓace wa idon mai shi.

Kyamarar da ke ja da baya tana yin sama ba mai ita kaɗai take ɗauka ba. Tana kwaso duk wanda ke kusa, tana kuma leƙa bayan katangar da aka gina domin kada a leƙa. A ƙasashen da ke da dokar kare bayanan mutum, wallafa bidiyon da ake gane fuskar wani a ciki ba da yardarsa ba na iya jawo ƙara a kotu, kuma wanda ya danna maɓallin ake tuhuma, ko da jirgin ne ya zaɓi hanyarsa da kansa.