Ma'anar "karatun onlayin", da ruɗanin da ke cikin kwas ɗin dogon hutu

Tun shekarar korona kalmar "onlayin" ta zama ruwan dare game duniya, kuma kamar kowace kalmar da ta shiga bakin kowa, ma'anarta ta fara zubewa a hanya. Abin da ya sa na ɗauko ta yau shi ne yadda ake ba da labarin tsofaffin jami'o'i, irin waɗanda ɗalibi ke tarewa a cikinsu da akwatinsa, ya kwana ya tashi a ɗakin kwanan ɗalibai, cewa yanzu suna ba da kwasa-kwasai ta intanet a lokacin dogon hutu. Da an karanto labarin sai ka ji mai sharhi ya yanke hukunci: su ma sun koma jami'ar onlayin ke nan, ɗalibi zai yi digiri yana kishingiɗe. Duk lokacin da na ji haka sai raina ya sosu, don an haɗa abubuwa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka an ɗaure da igiya ɗaya.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Rabinta na ƙarshe shi ne "layi" ɗin da muke cewa a layin waya. Masu harkar kwamfuta na shekarun 1950 suna kiran na'ura da wannan suna idan an jona ta da babbar kwamfuta, tana karɓar umarni daga gare ta. Iyakar abin da kalmar ke faɗa maka ke nan: hanyar da saƙo ya bi. Ba ta gaya maka wanda ya koyar ba, ko wanda ya yi makin jarrabawa, ko sunan da zai fito a kan takardar shaida.

Karatu daga nesa kuwa ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1840 Isaac Pitman yana koyar da rubutun gaggawa ta gidan waya a Ingila. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofar digirinta ga waɗanda ba su taɓa zama a ajinta ba, kuma ta wannan ƙofa Nelson Mandela ya yi ta karatun lauya yana kurkuku, kafin ya kammala digirin da Jami'ar Afirka ta Kudu a 1989. Open University ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, da talabijin da rediyon BBC ta fara koyarwa a 1971. Irin waɗannan an gina su ne tun daga tushe don ɗalibin da ba zai zo ba. Daban suke da shafukan kwasa-kwasan intanet irin su Coursera da edX da suka ɓullo a 2012, inda dubban mutane ke kallon lacca ɗaya, mafi yawansu ba su kai ƙarshe, wanda ya kai kuma galibi takardar halarta yake samu. Daban suke kuma da abin da ya faru a watan Maris na 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda korona aka ce wa malamai su kunna Zoom su ci gaba daga inda suka tsaya. Wannan na ƙarshe, ceton rai ne aka yi, amma da shi yawancin mutane ke auna duk wani karatun intanet har yau, kuma shi ya sa sunan ya ɓaci.

Kwas ɗin dogon hutu na jami'ar kwana ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Ɗalibin jami'ar ne, wanda ya yi zango biyu a cikinta, hutu ya zo ya tafi gida ko wurin aikin ɗan lokaci, sai ya yi rajistar kwas ɗaya ko biyu daga cikin manhajarsa. Malamin sashensu ne ke koyarwa, makin yana shiga sakamakonsa kamar na kowane kwas, a jami'o'i da yawa ma takardar sakamakon ba ta nuna ta wace hanya aka yi shi. Hutu na ƙarewa ya koma ɗakinsa. Karatun dogon hutu shi kansa tsohon abu ne, Harvard tana yin nata tun 1871. Sabon abin kawai shi ne ba sai ɗalibi ya zauna a harabar makaranta ba.

(Af, masu fassara: ku ji tausayin kalmar "bazara", ku daina fassara "summer", sunan wannan hutu a Turanci, da ita. Bazara a wurinmu lokacin zafi ne gabanin saukar ruwa. Hutun da ake magana a Amurka da Turai yana kamawa ne daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Agusta, a Ostireliya kuwa Disamba zuwa Fabrairu. "Dogon hutu" ya fi kama gaskiya a ko'ina.)

Inda na fi so a tsaya shi ne maganar sauƙi, kuma ba za a gane ta ba sai an san mene ne kiredit. Ɗalibai suna faɗin "kwas mai kiredit uku" kullum, kaɗan ne suka taɓa tambayar uku na me. Asalin ma'aunin abin dariya ne, don daga maganar fansho ya fito. A 1905 attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ware dala miliyan 10 don biyan fanshon malaman jami'a da suka tsufa. Gidauniyar da ke riƙe da kuɗin sai ta ga dole ta tantance wace makaranta ce jami'a ta gaske da malamanta za su ci wannan gajiyar, wace ce sakandare mai babban suna. Sai ta gindaya sharaɗi kan karatun da ɗalibi zai yi kafin a ɗauke shi, ta kuma auna shi da lokaci: sa'o'i 120 a gaban malami, shi ne awo ɗaya. Makarantu suna son fansho, suka rungumi ma'aunin, daga baya jami'o'i suka yi nasu a kan wannan tsari. Wato an rasa yadda za a auna abin da ya shiga kan ɗalibi, sai aka auna daɗewar zamansa a kan benci.

A tsarin Amurka na yau, kiredit ɗaya yana nufin sa'a ɗaya a aji da aƙalla sa'o'i biyu na nazari a waje, kowane mako, har wajen makonni 15. Ɗauki kwas mai kiredit uku ka yi lissafi. Sa'o'i tara ke nan a mako, sau 15, ya ba ka 135. To zangon dogon hutu ba ya kai makonni 15. Galibi tsakanin biyar zuwa takwas ne, kuma ba a rage kiredit ɗin, saboda haka a ƙa'ida ba a rage aikin. Raba 135 gida shida, sa'o'i 22 da rabi a mako. Idan makonni biyar ne, 27. Wanda ya yi zarin ɗaukar kwas biyu a zangon makonni biyar ya ɗora wa kansa sa'o'i 54 a mako, fiye da ma'aikacin ofis, alhali shi a ransa hutu yake yi. Ɗalibin da ya yi sakaci na kwana uku tamkar ya tsallake fiye da mako guda ne a zangon da aka saba. Babu kuma abokin ɗaki da zai tashe shi, babu ganin wasu sun nufi laburare da zai sa jikinsa ya yi sanyi.

Ga kuma tambayar da kalmar "onlayin" ke ɓoyewa. Idan darasin kai tsaye ne, malami da ɗalibai suna haɗuwa a lokaci ɗaya ta bidiyo, to sa'ar aji tana nan, ana iya ƙirga ta. Idan kuwa naɗaɗɗe ne, ɗalibi ya buɗe lokacin da ya ga dama, ya saurari laccar minti 50 cikin minti 25 don ya ninka gudun muryar malam, to ina sa'ar take? Ma'aunin da aka ƙera don benci ake ɗora wa karatun da ba shi da benci. Jami'o'i suna amsa wannan da ƙiyasin "aikin da ya yi daidai da" waɗancan sa'o'i, kuma a nan ne nagari da na banza suke rabuwa. Akwai malamin da zai sake gina kwas ɗin tun daga farko, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane kwana biyu da aikin da za a miƙa kuma a duba. Akwai wanda zai loda tsofaffin bidiyon zangon bara da tambayoyin canki-canka, ya kama gabansa. Duka biyun suna ɗaya ake kiransu da shi, kiredit ɗinsu kuma ɗaya.

Dalilin da jami'o'in ke bayarwa gaskiya ne: wanda ya faɗi kwas ya samu damar gyarawa ba tare da ya ƙara shekara ba, wanda ajin ya cika bai samu gurbi ba ya samu, wanda ke son gamawa da wuri ya rage kaya. Dalilin da ba su cika faɗa da ƙarfi ba shi ne kuɗi. A Amurka an daɗe ɗalibai suna komawa gida lokacin hutu su yi kwas a ƙaramar kwalejin da ke kusa da su mai sauƙin kuɗi, sannan su kawo kiredit ɗin a ɗora musu. Kuɗin ya tafi wani wuri ke nan. Kwas ɗin intanet hanya ce ta bin ɗalibi har gida da rasit. Ni ban ga laifin wannan ba, jami'a ma tana biyan albashi.

Abin da nake ganin bai dace a wuce shi ba shi ne tufka da warwarar da ke ciki. Jami'ar kwana ta shafe shekaru tana gaya wa iyaye cewa zama a cikinta shi ne rabin karatun, hira da malami a bakin ofis, muhawarar dare tsakanin ɗalibai, kuma a kan wannan take cajin kuɗin ɗaki. Sai ga shi a watan Yuli ta sa hannu cewa kwas ɗin ƙididdiga da aka yi ta waya daga nisan kilomita dubu daidai yake da wanda aka yi a aji a watan Oktoba. Ina jin duka maganganun biyu suna da gaskiya, amma ba a kan kowane kwas ba, kuma jami'o'in sun san haka. Duba jerin abin da suke sakawa a intanet lokacin hutu za ka ga kwasa-kwasan share fage ne suka fi yawa, irin su gabatarwar tattalin arziki da ƙididdiga da rubutu. Kwas ɗin da sai an riƙe kwalbar gwaji a hannu, ko an tsaya a kan gawa a ɗakin fiɗa, yawanci yana jiran ɗalibi ya dawo da akwatinsa.