Waiwaye: Yadda Hasken Leza Ya Shiga Madubin Hangen Nesa

Harsashi ba ya tafiya a miƙe. Tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa take jan sa, kuma yana ƙara nisa yana ƙara sunkuyawa. Harsashi mai kaurin milimita 7.62, irin na sojojin NATO, kafin ya ci mita 1,000 ya sauka da fiye da mita 10 daga inda bakin bindiga ya dosa. A irin wannan tazara, kuskuren mita 50 wajen ƙiyasin nisa kan kauce da harsashi kusan mita guda sama ko ƙasa. Shi ya sa tambayar da ta fi damun maharbi da mai igwa tun fil azal ita ce: nisan nawa ne? Madubin hangen nesa mai auna tazara da hasken leza (siririn haske mai tafiya a dunƙule), wanda yau ake sayar da manyansa kan dubban daloli, amsar wannan tambaya ce da aka shafe fiye da shekara ɗari ana nema.

A 1888 ma'aikatar yaƙi ta Birtaniya ta yi shelar neman na'urar auna nisa. Wasu malaman kwaleji biyu a birnin Leeds, Archibald Barr da William Stroud, suka amsa kira, daga baya suka kafa kamfanin Barr & Stroud a Glasgow. Na'urarsu bututu ce doguwa a kwance, da taga a kowane gefe. Mai dubawa zai ga hoton jirgin abokan gaba a rabe biyu, sama da ƙasa ba su dace ba, sai ya riƙa murza wani ƙarfe har rabi ya hau kan rabi, sannan ya karanta nisan. Sojojin ruwan Birtaniya suka karɓe ta a 1892, kuma da irinta Japan ta yaƙi Rasha a tekun Tsushima a 1905. Kamfanin Carl Zeiss na garin Jena a Jamus, wanda tun 1894 yake sayar da madubin hangen nesa na zamani, ya bi wata hanyar: ya dogara da yadda ido biyu ke gane zurfin abu. A yaƙin ruwa na Jutland a 1916 hanyoyin biyu suka gwabza, Ingila da bututunta mai ƙafa 9, Jamus da nata mai mita 3.

Cikas ɗin duka biyun iri ɗaya ne. In ana son awo ya yi daidai a nesa, dole bututu ya yi tsawo. Katafaren jirgin yaƙin Japan, Yamato, nasa ya kai mita 15. Sojan ƙasa kuwa ina zai kai wannan kaya? Sai ya koma ga ido da lissafi. Madubin PSO-1 na bindigar Dragunov, wadda Tarayyar Sobiyet ta fitar a 1963, yana da wani lanƙwasasshen zane a ciki: a saka mutum tsakanin layi biyu, a ɗauka tsawonsa mita 1.7 ne, a karanta nisa daga mita 200 zuwa 1,000. Dabara ce mai kyau, amma in mutumin gajere ne, ko ya durƙusa, ko ciyawa ta rufe ƙafafunsa, lissafi ya rushe.

Ranar 16 ga Mayu, 1960, Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Malibu a Amurka, da sandar yakutu. Sojoji ba su yi jinkirin gane amfaninta ba. Abin kamar amsa-kuwwa ne a gindin dutse: ka yi kira, ka ƙirga lokacin da muryarka za ta dawo. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowa daga abin da ke nisan kilomita ɗaya bai kai kashi bakwai cikin miliyan na daƙiƙa ba. Wahalar tana wajen ƙera agogon da zai kama wannan ɗan lokaci, da idon lantarki da zai tsinci ɗan hasken da ya dawo a cikin hasken rana.

Tankokin yaƙi ne suka fara cin moriya, domin suna da wuri da wutar lantarki. Kafin nan tankar Chieftain ta Birtaniya sai ta harba wata ƙaramar bindiga ta ga inda harsasai suka sauka, sannan ta saki babbar. A shekarun 1970 aka maye gurbin wannan da leza, Amurka ma ta saka a M60A2 da M60A3. Daga nan aka samu na hannu, irin su AN/GVS-5 na Amurka mai nauyin kilo biyu da ɗoriya, wanda ke auna kusan kilomita 10, da LP7 na kamfanin Simrad na Norway. Sai dai waɗannan suna da mugun aibi. Haskensu mai zangon nanomita 1,064 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) ido ba ya ganinsa, don haka mutum ba ya ƙiftawa, amma yana ratsawa har can bayan ido inda gani yake, ya ƙona wurin. Soja na iya makantar da ɗan'uwansa a filin atisaye, kuma wanda ke duba ta madubi ya fi shiga haɗari, saboda gilashin yana tattara hasken ya zuba masa a ido.

Maganin ya zo ne da sauya zangon hasken zuwa wajen nanomita 1,540 ko 1,550, wanda ruwan gaban ido ke shanyewa kafin ya isa ciki. A farkon shekarun 1990 sojojin Amurka suka fara karɓar AN/PVS-6 mai irin wannan haske. A daidai wannan zamani duniya ta zauna kan batun: ranar 13 ga Oktoba, 1995 aka amince a Vienna da yarjejeniyar haramta makaman leza da aka ƙera don makantarwa, ta fara aiki a 1998. Yarjejeniyar ta bar ƙofa a buɗe ga na'urorin auna nisa, domin ta ce makantar da ta auku a bisa tsautsayi yayin halastaccen amfani da leza ba ta shiga haramcin ba.

Haɗa leza da madubi mai ido biyu a jiki ɗaya, wanda shi ne abin da ake yayi yanzu, asalinsa ƙauyen Heerbrugg ne na Suwizalan, inda Heinrich Wild da abokansa suka kafa masana'antar kayan safiyo a 1921. Daga zuriyar wannan masana'anta aka samu tagwaye. A 1992 Leica ta fitar da Geovid 7x42 don farar hula, mai auna mita 1,000, da kamfas na lantarki a ciki, nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi. Ɗan'uwansa na soja shi ne Vector. Sashen da ke ƙera shi ya zama kamfanin Vectronix, Sagem na Faransa ya saye shi a 2003, yau yana ƙarƙashin Safran. Vector 21 na iya kaiwa kilomita 12, Vector 23 kuma kilomita 25, in yanayi ya ba da hali.

A ganina nan ne tarihin ya yi babbar kwana, kuma ba a cika kula da ita ba. Vector ba nisa kaɗai yake bayarwa ba. Yana faɗin alƙibla da kusurwar hawa ko gangara, kuma in aka jona shi da na'urar GPS, soja ɗaya da ke kwance a kan tudu zai iya fitar da lambobin wurin da yake kallo ya aika wa jirgin sama. Da haka ƙananan rukunonin sojojin Amurka suka riƙa jagorantar bama-bamai a Afganistan a ƙarshen 2001. Ranar 5 ga Disamba na shekarar, a arewacin Kandahar, jirgin B-52 ya sako bam mai nauyin fam 2,000 a kan sojojin da suka kira shi. Bayanin da jami'an Amurka suka bayar shi ne an canja batirin na'urar GPS, da ta sake kunnuwa sai ta nuna inda take maimakon inda aka auna, aka aika lambobin a haka. Sojojin Amurka uku da wasu mayaƙan Afganistan suka mutu, Hamid Karzai ya ji ɗan rauni, a ranar da taron Bonn na Jamus ya zaɓe shi shugaban riƙon ƙwarya na Afganistan. Lambar da ke haskawa a fuskar na'ura tana da kwarjini, mutum a gajiye kuma cikin tsoro ba ya yi mata gardama. Kamfas ɗin ma ƙarfen mota ko na bindiga na iya karkatar da shi, kuskuren digiri ɗaya tak a nisan kilomita 5 kuwa ya kai mita 87. A cikin gari wannan gidaje nawa ne?

Ga gwanayen harbi daga nesa, alkaluma sun nuna abin da ya sauya. Tarihin harbi mafi nisa da sojan Amurka Carlos Hathcock ya kafa a Vietnam a 1967, mita 2,286, ya yi shekara 35 ba a karya shi ba. A Maris na 2002 sojojin Kanada suka wuce shi a kwarin Shah-i-Kot na Afganistan, inda Rob Furlong ya kai mita 2,430. Craig Harrison na Birtaniya ya kai 2,475 a Musa Qala ta Afganistan a 2009, wani sojan Kanada kuma ya kai 3,540 a Iraƙi a 2017, harsashinsa ya yi kusan daƙiƙa 10 a sama. Ingancin bindiga da harsashi yana da nasa kaso, amma da ƙiyasin ido babu mai kai wa nan. Abin da har yau ya gagari madubi shi ne iska, wadda kan kaɗa gabas a bakin bindiga, ta juya yamma a tsakiyar kwari.

Kasuwar farar hula ta bi sahu. Bushnell ta sauko da farashi a 1996 da Yardage Pro 400, Zeiss ta kawo Victory RF a 2008, Swarovski ta biyo da EL Range a 2011, Leica ta saka lissafin saukar harsashi a cikin Geovid HD-B a 2013. Na yanzu suna auna zafi da nauyin iska da gangara, su yi magana da waya ta Bluetooth, su gaya wa mafarauci ko ɗan gasa yadda zai murza saitin bindigarsa. Nisan da ake bugawa a kwali galibi na abu mai ƙyalli ne kamar allon hanya. A jikin barewa bai cika wuce rabin haka ba. Hasken kuma yana bajewa: mai faɗin milirad 1.5 (ma'aunin ƙaramar kusurwa) ya rufe mita ɗaya da rabi a nisan kilomita guda, sai ya dawo da nisan bishiyar da ke baya. Ƙura da hazo irin na hunturu a yankin Sahel suna warwatsa shi tun kafin ya isa.

Bambancin da ya rage tsakanin na kanti da na soja yana cikin zangon hasken. Yawancin na farar hula nanomita 905 suke amfani da shi saboda arha, kuma mai sanye da tabarau na ganin dare yana hango walƙiyarsa sarai, wato mai awo ya tona inda yake. Na 1,550 irin wannan tabarau ba ya kama shi, amma idon lantarkinsa tsada gare shi, kuma manyansa suna cikin kayan da Amurka da ƙasashen yarjejeniyar Wassenaar ta 1996 ke sa wa ido wajen fitarwa. Tankoki da dama kuwa, irin su T-90 na Rasha, suna ɗauke da na'urar da ke jin saukar leza a jikinsu, ta yi gargaɗi, ta harba gurnetin hayaƙi, har ta juya bakin igwa zuwa inda hasken ya fito.