Hukumar makarantun gunduma a Amurka

Hukumar makarantun gunduma majalisa ce ta mutanen gari da ke da alhakin makarantun gwamnati na wani yanki a Amurka, tun daga ajin share fage har ƙarshen sakandare. Ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke kafa manufofi, kuma ita ke naɗa sufurtanda, wato babban jami'in da ke tafiyar da makarantun yau da gobe. Akwai gundumomin makarantu kusan 13,000 a ƙasar. Gundumar makaranta ba lalle iyakarta ta dace da ta gari ko ƙaramar hukuma ba, kuma a jihohi da yawa gwamnati ce mai zaman kanta da ke da ikon ɗora haraji. Hawai ce kaɗai jihar da ta haɗa makarantunta duka a gunduma guda.

Asali

Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba, saboda haka lamarin ya faɗa hannun jihohi, su kuma suka miƙa wa garuruwa. Tushen abin yana Masachuset, inda dokar 1647 ta wajabta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malami. A 1826 jihar ta ce kowane gari ya zaɓi kwamitin makarantu daban da masu mulkin gari, sauran jihohi suka bi sahu. A farkon shekarun 1930 gundumomin sun haura 120,000, da yawansu makaranta ce mai aji ɗaya a karkara. Haɗe su da aka yi ta yi ne ya rage su zuwa adadin yau.

Galibi mambobi biyar ne zuwa tara, zaɓaɓɓu, wa'adinsu shekara uku ko huɗu. Yawancinsu ba malamai ba ne, kuma ba akantoci ba. Iyaye ne, 'yan kasuwa, manoma da 'yan fansho, da yawa ba su da albashi sai ɗan alawus. Wasu manyan birane sun sha bamban: a Niyok magajin gari ke riƙe da makarantu tun 2002, Shikago kuwa, bayan magajin gari ya yi ta naɗa mambobi tun 1995, ta fara zaɓen wasunsu a 2024.

Kuɗi

Nan ne ƙarfin hukumar yake, nan ne kuma rauninta. A jimlar ƙasa, jihohi na ba da wajen kashi 45 cikin 100 na kuɗin makarantu, yankuna su ba da kwatankwacin haka, gwamnatin tarayya ta cike da abin da bai cika wuce kashi 10 ba. Kason yanki yawanci daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Shi ya sa unguwar masu hali ke tara kuɗi mai yawa da ɗan ƙaramin haraji, ta talakawa kuwa ko ta matsa wa kanta ba ta kamo ta. An kai ƙarar wannan bambanci Kotun Ƙoli a shari'ar San Antonio da Rodriguez, amma a 1973 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka ce kundin tarayya bai hana shi ba. Daga nan rigimar ta koma kotunan jihohi.

A yawancin jihohi shekarar kuɗi na farawa ranar 1 ga Yuli. Ofishin sufurtanda ne ke rubuta daftarin kasafi, hukuma ta tattauna shi a zaman da kowa ke iya halarta, sannan ta kaɗa ƙuri'a. Sai dai abin da ake iya taɓawa kaɗan ne, don albashi da haƙƙoƙin ma'aikata na lashe wajen kashi 80 cikin 100 na kuɗin gudanarwa. Gardamar takan tsaya a kan ragowar: motocin ɗaukar ɗalibai, darasin kiɗa, rufin da ke yoyo.

A jihar Niyok, ban da manyan birane biyar, jama'a da kansu ke jefa ƙuri'a a kan kasafin ranar Talata ta uku a watan Mayu. Idan suka ƙi shi sau biyu, dole gunduma ta yi aiki ba tare da ƙara haraji ba. Gina sabuwar makaranta kuwa da bashi ake yi, ta hanyar sayar da takardun lamuni, kuma yawanci sai masu zaɓe sun yarda. A Kalifoniya da can sai an samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, har a 2000 aka sauko da shi zuwa kashi 55 bisa wasu sharuɗɗa.

Tsare-tsare da manufofi

Hukuma ke yanke ranakun hutu, ƙa'idojin ladabtarwa, iyakar unguwannin da kowace makaranta za ta ɗiba, da makarantar da za a rufe idan yara sun ragu. Babu abin da ke cika zauren taro kamar batun rufe makaranta. Ikon na hukuma ne a dunƙule, mamba shi kaɗai ba ya iya ba shugaban makaranta umarni. Kuma dokar jiha da ta tarayya na sama da ita. Shari'ar Brown ta 1954, wadda ta haramta raba yara baƙaƙe da farare a makarantu, hukumar makarantun Topeka aka kai ƙara a cikinta.

Abin da ya faru a Roslyn

Roslyn gunduma ce ta masu hali a Long Island da ke jihar Niyok, mai makarantun da ake yabo. A 2002 aka gano mataimakiyar sufurtanda mai kula da kuɗi ta yi sama da faɗi da kusan dala 250,000. Hukumar ta yarda ta maido da kuɗin ta ajiye aiki shiru, ba a sanar da 'yan sanda ba, don gudun ɓata sunan gunduma. Jaridar ɗaliban sakandaren ce ta tono zancen a 2004. Da mai binciken kuɗi na jiha ya buɗe littattafai, sai aka tarar an sace dala miliyan 11.2 cikin shekaru, kuma sufurtandan da kansa, Frank Tassone, yana ciki dumu-dumu. Har kuɗin wankin kayansa da tikitin jirgin Concorde zuwa Landan daga asusun makaranta aka biya. A 2006 aka yanke masa ɗaurin shekara 4 zuwa 12.

Mambobin hukumar ba su aka kama da satar ba. Sakacinsu shi ne sun amince da mutumin da ke kawo musu sakamako mai kyau, ba su nemi ganin rasit ba. A 2005 jihar ta yi dokar da ta wajabta wa kowane sabon mamba horon awa shida a kan sa ido kan kuɗi, ta ce kowace gunduma ta kafa kwamitin binciken kuɗi, kuma a sake tallata aikin oditan waje duk shekara biyar.

Idan abin ya fi ƙarfin gyara, jiha kan karɓe gundumar baki ɗaya. An yi haka a Newark a 1995 da Filadelfiya a 2001, kuma a 2023 Teksas ta sauke zaɓaɓɓiyar hukumar Hustan ta maye gurbinta da mutanen da ta naɗa.