Waiwaye: Daga gwajin Trovan a Kano zuwa bayanan marasa lafiya a waya

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 10,000 a arewacin Najeriya. Ana tsaka da ita kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana a Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara kusan 200. Rabinsu aka ba Trovan, rabi kuma ceftriaxone, maganin sanƙarau da aka saba amfani da shi, amma shi ceftriaxone ɗin ƙasa da ma'aunin da aka ƙayyade aka ba su. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, balle a nuna musu cewa likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na ba da maganin da aka amince da shi kyauta a asibitin. Kamfanin ya musanta, ya ce an yi musu bayani da baki. Daga baya aka gano takardar amincewar kwamitin ɗa'a (mai duba dacewar bincike kafin a fara) ma bayan gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan watanta baya.

Wannan na cikin abubuwan da aka riƙa ambata a 2003 lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. A 2009 aka sasanta ƙarar da gwamnatin Kano ta shigar da Pfizer kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Gyara ya zo a makare: ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa a 2007, sai Dokar Lafiya ta 2014. Yanzu wajibi ne kwamitin ɗa'a ya amince kafin a fara bincike, a yi wa mutum bayani yadda zai fahimta, a sanar da shi yana iya janyewa ko yaushe. Wanda bai iya karatu ba yakan dangwala yatsa a gaban shaida.

Yau abin da ake ɗiba bayanai ne: suna, lambar waya, sakamakon gwajin jini, duk a wayar ma'aikacin lafiya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma idan suka fita ana sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Matsalar tana wajen neman yarda. Fom ɗin da Turanci yake, layi ya yi tsawo, sai ma'aikaci ya danna amincewar da kansa, uwar yaron ba ta san inda za a ajiye bayanan ba, ko wa zai gani.