Littafin koyon kafinta: na waya da na takarda, yaya ake yanka musu kuɗi?

Maganar nan ta yi yawa kwana biyu tsakanin 'yan uwa masu aikin katako a nan Legas, daga Agege har Mushin, yara masu koyo suna ƙorafin tsada, su kuma wasu ogogi sun fara tunanin su rubuta abin da suka sani su sayar. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa, da amsa daidai fahimtata.

Tambaya: Malam, tunda PDF, wato littafin da ake karantawa a waya, ba takarda ba tawada ba kuɗin mota, me ya sa ake sayar da shi? Ai kyauta ya kamata.

Amsa: Toh ai babban kaso na kuɗin littafin kafinta an riga an kashe shi tun kafin inji ya buga shafi ɗaya. Mai labarin soyayya zai iya kwanciya a kan katifa ya rubuta littafi guda a waya, amma wanda zai koya maka haɗa wadirof dole sai ya haɗa wadirof ɗin da hannunsa, ya je kasuwar katako ta Mushin ko Ebute Metta ya sayo iroko ko madaci, ya sayi falawud mai ƙafa 4 da 8, gam, ƙusa, hinjis, sannan duk mataki ya tsaya ya karkaɗe ƙura a ɗauki hoto, sannan a samu mai zane a kwamfuta ya fitar da kowane gefe da awonsa, sannan wani ya zauna ya bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi rainawa alhali shi ne ran littafin. Inda ya kamata a rubuta inci 18 aka rubuta 16, duk wanda ya bi littafin ya yanka katako ya yi asara, kuma zagin a kan marubucin zai sauka. Duk wannan ɗawainiyar tana cikin PDF kamar yadda take cikin na takarda, ba abin da ya ragu.

Tambaya: To na takardar fa, ina kuɗin yake shiga har ya yi tsada haka?

Amsa: Je ka Shomolu ka tambayi masu ɗab'i, abu na farko da za su tambaye ka shi ne kala ne ko baƙi da fari, kuma kwafi nawa. Aikin kala filet huɗu yake ci a maimakon ɗaya, wato farantin da inji yake ɗaukar tawada da shi, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kuma hoton da zai nuna jijiyar katako sosai yana son takarda mai sheƙi mai nauyi, ba irin ta littafin makaranta ba. Kuɗin filet da saita inji kuwa ɗaya ne ko kwafi 200 za ka buga ko 2,000, shi ya sa in ka buga kaɗan kowane kwafi yake tsaya maka da tsada, in ka buga da yawa kuma kuɗinka ya kwanta a kwali.

Ita takardar kanta yawanci daga waje ake shigo da ita. Manyan masana'antun takarda da gwamnati ta gina a Jebba da Iwopin da Oku Iboku ba su ciyar da kasuwa, dan haka farashinta dala yake bi. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanka mata farashi a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kowa ya ga yadda kuɗin bugu ya bi ta. Sai kason mai shagon littafi, sai kuɗin aika kwalaye Kano ko Kaduna a mota, sai ajiya, kuma ɗanshin Legas a damina ba ya raga wa takarda, kwalin da ya kwana a ƙasa sai ka ga shafuka sun manne.

Bari in buga lissafi na misali kawai, lambobin nawa ne dan a gane. A ce shirya littafin, katako da hoto da zane, ya ci miliyan 1, kana sa ran sayar da kwafi 500, kaga kowane kwafi yana ɗauke da 2,000. A ce bugu ya tsaya 4,000 kowane ɗaya. Ka sa masa 10,000, mai shago ya cire 3,000, saura 7,000, ka cire 6,000 da ka kashe, ribarka 1,000. Yanzu PDF ɗin ka sa shi 5,000, a ce manhajar da ka sayar a kai da banki sun ci 500, ka cire 2,000 na shiri, saura 2,500. Rabin kuɗi mai saye ya biya amma kai ribarka ta ninka fiye da sau biyu. Shi ya sa nake ganin wanda ya sa wa PDF kuɗi ɗaya da na takarda ya so kansa da yawa, wanda kuma yake cewa a ba shi kyauta bai yi wa marubucin adalci ba.

Tambaya: Amma na duba littattafan Turawa a Amazon, wani na Kindle kusan kuɗinsa ɗaya da na takarda. Me ya kawo haka?

Amsa: Akwai dalilin da ba kowa ya sani ba. Lokacin da Amazon ta fito da Kindle, na'urarta ta karanta littafi, a 2007 ta saba wa mutane da dala 9.99 a matsayin kuɗin littafin lantarki. Tsarin da ta yi wa masu wallafa da kansu shi ne, in ka sa farashi tsakanin dala 2.99 da 9.99 za ka iya karɓar kashi 70 cikin 100, in ka fita daga nan kashi 35 ne. Kuma a tsarin kashi 70 ɗin akwai kuɗin tura fayil, santi 15 kowane megabait a kasuwar Amurka. Littafin labari wannan kuɗin ba komai ba ne dan fayil ɗinsa ƙarami ne, amma littafin kafinta cike yake da hotuna. A ce ya kai megabait 30, dala 4.50 ta tafi kenan kafin a raba, in an sayar da shi dala 9.99 abin da zai zo hannun marubuci bai kai dala 4 ba. In ya ce bari ya ƙara kuɗi zuwa dala 12 ko 15 ya faɗa kashi 35, sai ya kai kusan dala 20 kafin ya samu dala 7. Kaga dalilin da wasu suke tsallakawa sama gaba ɗaya. Manyan kamfanonin wallafa su yarjejeniyarsu daban ce, amma su ma ba sa son na waya ya yi arha har ya kashe musu kasuwar kwalayen da suka riga suka buga.

Kuma wallahi Kindle ba ta dace da irin wannan littafin sosai ba, rubutu yana gudu ya bar zanensa a wani shafin. PDF ya fi, shafi yana nan yadda aka tsara shi.

Tambaya: Oga, ni na rubuta nawa da Hausa, kan kujeru da gado da kabet ɗin kicin. Nawa zan sa wa na waya?

Amsa: A ganina tsakanin rabi zuwa kashi biyu cikin uku na kuɗin na takarda. Kar ka kalli marubutan labarai na onlayin da suke sayarwa da 'yan ɗaruruwa a guruf ɗin WhatsApp ka ce haka za ka yi, su masu karatunsu dubbai ne kuma gobe za su fitar da wani, kai masu sayenka kaɗan ne, kuma wanda ya koyi haɗa gado ɗaya daga littafinka aikin farko zai mayar masa da kuɗinsa. Kar kuma ka manta wa kake sayar wa, yaron shago da oga yake ba kuɗin abinci da na mota ba zai iya abin da mai shago zai iya ba. In kana so ka tsaga littafin, babin gado daban, na kabet daban, kowane da ɗan kuɗinsa, wanda ya ji daɗin ɗaya zai dawo.

Wajen sayarwa akwai irin su Selar da suke karɓar naira su tura wa mutum fayil da kansu, ko ka karɓi tiransfa ka tura da hannunka in ba ka gajiya. Ka dai riƙe asalin fayil ɗinka da lambobin kwastomominka a wajenka, dan Okadabooks, manhajar sayar da littattafai da marubuta da yawa suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen 2023.

Tambaya: In mutum ɗaya ya saya ya watsa a guruf fa?

Amsa: Zai faru, ka sa wannan a lissafinka tun farko. Doka tana nan, an yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023 kuma ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet, akwai kuma hukumar da ke kula da ita, amma tsakani da Allah wane kafinta ne zai bar shago ya bi wanda ya tura fayil a Telegram. Abin da ya fi aiki shi ne ka buga sunan mai saye a ƙasan kowane shafi, mutum yana jin kunyar a ga sunansa yana yawo. Sannan ka haɗa da abin da ba a iya turawa, wato kai kanka, wanda ya saya da kuɗinsa zai iya turo maka hoton aikinsa ka duba masa, in ka gyara wani awo shi za ka fara tura wa sabon. Kuma in kuɗin bai fi ƙarfin mutum ba da yawa sun fi son su biya su huta da haƙƙin wani a wuyansu. Tsada ce take ba mutane hujjar da suke nema.

Tambaya: Ni mai koyo ne, kuɗin ɗaya nake da shi. Wanne zan saya?

Amsa: In littafin da za ka riƙa buɗewa kullum ne a kan benci, sayi na takarda. Hannunka da gam, ƙurar katako ta rufe ko'ina, an ɗauke wuta caji saura kaɗan, kana jan zane da yatsa biyu dan ka ga lamba sai sauran zanen ya ɓace, ka saki waya ka ɗauki zarto allon ya mutu. Na takarda ka buɗe shi ka danne da guntun katako, ka yi lissafinka da fensir a gefe, shikenan.

In kuma zane ɗaya ko biyu kake so, PDF ya fi, ka je shagon fotokwafi a fitar maka da shafin kawai. Amma ka tsaya a kan yaron, in zanen irin wanda ake mannawa a katako a bi layi a yanka ne, kamar lanƙwasar ƙafar kujera, ka ce ya buga shi a kashi 100 cif, wato ainihin girmansa, kar ya bari kwamfuta ta daidaita shi da takarda. Takardar Amurka inci 8.5 da 11 ce, tamu A4 ce, milimita 210 da 297, kwamfuta takan matse zanen kaɗan yadda ido ba zai gani ba. Kafin ka bar shagon ɗora tef ɗinka a kan wani layi da aka rubuta awonsa ka tabbatar.

Kuma kafin ka zuba kuɗi a littafin waje, ko na waya ko na takarda, ka sani katakon da suke kira 2 da 4 a Amurka ainihinsa inci 1.5 da 3.5 ne, itatuwansu ma ba namu ba ne, dole ka mayar da komai kan abin da ake samu a kasuwarmu.

Tambaya: Za a iya haɗa biyun a kuɗi ɗaya?

Amsa: Sosai ma, ni shi na fi so. Wanda ya sayi na takarda ka ƙara masa ɗan abu kaɗan a kai ka ba shi PDF, tunda kason shiri ya riga ya biya a na farkon, karɓa sau biyu bai kamata ba. Ka dai tuna in za ka yi abin a hukumance, kowanne da lambar shaidar littafi, wato ISBN, ɗinsa daban, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, kuma doka ta ce mai wallafa ya kai musu kwafi 3 na abin da ya buga, dan haka cire su daga cikin 500 ɗin nan kafin ka fara lissafin riba.