Ruɓewar gindin furen airis

Ruɓewar gindi cuta ce da ke kama furen airis (wata shukar ado) da danginsa a daidai inda ganye ya haɗu da saiwa, wadda ke kwance a ƙasa kamar citta. Fumfunar da ke kawo ta ita ce Sclerotium rolfsii, wadda masanin tsirrai Peter Henry Rolfs ya fara gani a jikin tumatir a Florida ta Amurka a 1892. Manomin Arewa ya san ɓarnarta ko bai san sunanta ba, domin ita ce ke ruɓar da gindin gyaɗa.

A Legas, airis ɗin Turai ba ya jin daɗin zafi. Abin da aka fi shukawa a ƙasashe masu zafi danginsa ne, irin su Dietes na kudancin Afirka da Neomarica na Kudancin Amurka. Fumfunar kuwa zafi da laima take so, shi ya sa masu aikin lambu a gidajen Ikoyi da Lekki, da yawansu Hausawa, suke buƙatar sa ido daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da ruwa ke kwanciya a kwami.

Ganye kan fara rawaya daga baki, sannan ya kife. In aka tone gindin za a ga farin zare kamar auduga, da ƙananan ƙwayoyi kamar gero, farare da fari, daga baya su koma ruwan ƙasa. Waɗannan ƙwayoyin su ne matsalar, don suna iya shekaru a cikin ƙasa suna jiran damina.

Kafin a sayi magani, a sansana saiwar. Idan ta yi laushi tana ɗoyi, wata cutar ce daban ta ƙwayoyin bakteriya, kuma maganin fumfuna ba ya yi mata komai. Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Idan fumfuna ce, a tumɓuke shukar, a kwashe ƙasar da ke kewaye, a yanke ruɓaɓɓen wurin, a wanke wuƙar da ruwan bilic, wato bilic kashi 1 cikin 10, sauran ruwa. A bar saiwar ta sha iska, sannan a jiƙa ta da kwamin da magani mai azoxystrobin ko tebuconazole, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalba, kuma mai lambar NAFDAC. Maganin nan, kariya yake yi wa abin da ya rage lafiya, ba ya tayar da wanda ya ruɓe. Wajen sake dasawa, a bar bayan saiwar a fili, kada a rufe ta da taki ko busasshen ganye.